Haƙorin Makkan Iya

Watan jiya ɗiyata ta kai ni wurin likitar haƙori a Kano, saboda wani turmin haƙorina da ke tsami duk lokacin da na sha ruwan sanyi. Likitar ba ta fi sa'ar ɗiyar tawa ba. Ta sa mini wani ɗan abu kamar kwalin ashana a baki, ta danna, kafin in haɗiye yawu ga haƙorina nan a allon kwamfuta, har saiwarsa. Ta nuna mini ɗan baƙin da ya soma, ta goge shi, ta cike wurin da wani farin abu, ta haska masa shuɗiyar fitila ya daskare. Ta ce suna da wata na'urar ma da ke zagaya kai, ta fito da muƙamuƙin mutum gaba ɗaya a juya shi ta kowane gefe. Na yi mata godiya, na fito, na shiga mota, sai na fashe da kuka. Ɗiyata ta zaci allura ce ta sake ni. Ba allura ba ce, haushi ne, kuma ya fi shekara talatin ina ɗauke da shi. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, ko wani zai tsira.

Iya, mahaifiyata, banda take yi a Kirikasamma. Tana tarar masunta a bakin ruwa, ta sayi tarwaɗa da karfasa, ta kyafe, ta kai kasuwa. Da hayaƙin nan ta raine mu bayan rasuwar Baba, ni da yayana Ya Sale, kuma da shi ta je aikin Hajji a ƙarshen shekarun 1980. A wurinmu, mace ta je Makka ta dawo babu haƙorin zinariya, har tsokanarta ake yi, a ce ko dai a filin jirgin Kano ta tsaya. Ranar da muka raka Iya, ni da bakina na ce mata, "Iya, kar fa ki dawo mana baki fari." Aka yi dariya. Ina faɗar wannan tun yanzu don kada wani ya zaci na wanke kaina.

Ta dawo da shi a fiƙarta ta sama, gefen hagu, inda ko murmushi ta yi sai an gani. Ta ba mu labarin yadda aka sa. Wani shago ne a saman bene, mata sun yi layi har matakala. Mutumin ya goge mata lafiyayyen haƙorinta da inji, babu allura, ya riƙa ɗauko hulunan zinariya daga faranti yana gwadawa kamar mai sayar da zobe, wadda ta shiga ya shafa mata wani abu ya danna. Ta ce ko rabin sa'a ba a yi ba. Mu kuwa sai tafi muke yi muna guɗa.

Shekara huɗu lafiya lau, in ban da kanumfari da ta soma taunawa kullum. Ashe wari take ɓoyewa.

Abin ya tashi da damina, a farkon shekarun 1990, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Haɗeja. Makon farko na je gida ranar Asabar na tarar tana shan kunu da rana tsaka, ga kifi a gabanta ba ta taɓa ba. Kuncinta na hagu ya ɗan tasa. Na tambaya, ta ce sanyi ne. Ya Sale ya riga ya sayo mata kafso ɗin nan ja da rawaya daga kemis, tana sha in ta tuna. Na ce Allah ya sauwaƙe, na koma bakin aikina.

A mako na biyu wani mai babur ya kawo mini saƙo cewa kumburin ya ƙaru. Kafin in isa, gidan ya cika da likitoci. Goggo Hansai, ƙanwar Baba, ta rantse kambun baka ne, wai tun ranar da Iya ta dawo mutane ke zancen haƙorin nan. An kira wani mai magani daga kasuwar Malam Madori, ya turara mata wasu 'ya'yan itace a kasko, ya sa ta buɗe baki a kan hayaƙin, sannan ya nuna mana wasu farare-farare a ruwa ya ce ga tsutsotsin sun faɗo. Wani maƙwabci kuma ya ɗiga mata ruwan batir a auduga ya manna a dasashi. Ruwan batir, jama'a, wanda in ya zuba a zane sai ya huda shi! Dasashin ya yi fari fat, ya saluɓe. Na ce sai dai a yi duk wadda za a yi, Haɗeja zan tafi da ita. Ruwa ya cinye hanya a lokacin, sai a kwale-kwale muka tsallaka, tana riƙe da kunci, ni ina riƙe da ita. Mai kwale-kwalen ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce ya sha cin kifinta. Allah ya saka masa da alheri.

Malama Rifkatu, abokiyar aikina, mutuniyar Kudancin Kaduna ce, ƙofarmu na kallon juna. Ta shigo gaishe da Iya, ta zauna kaɗan, ta ja ni waje.

"Binta, warin nan ba na sanyi ba ne. Ruɓa ce. Gobe ki kai Mama wurin masu haƙori, kar ki tsaya jin ta bakin kowa."

Goben ba ta yiwu ba, domin ma'aikacin haƙorin sau ɗaya yake zuwa asibitin a mako biyu. Muka jira har ranar tasa, wato mako na uku ke nan. Tun bayan sallar asuba muke kan benci, ba a kira mu ba sai da aka yi azahar. Mai ba da kati ta daka wa Iya tsawa wai ta tsofe ba ta san layi ba. Na haɗiye, domin a hannunsu muke.

Ma'aikacin mutumin kirki ne, sai dai gajiya ta gama da shi. An ɗauke wuta, da tocila ya duba. Ya ɗan ƙwanƙwasa haƙorin da bayan madubinsa, Iya ta zabura har ɗankwalinta ya faɗi. A kusurwar ɗakin akwai wani inji mai dogon wuya, an lulluɓe shi da zanen gado. Na ce wannan fa? Ya ce na ɗaukar hoton haƙori ne, lafiyarsa ƙalau, fim ne babu tun bara. Ya rubuta wa na sama a aiko, ya sake rubutawa, shiru. Inji sabo fil, an kawo shi da biki da jawabi, yana zaune ya zama wurin rataye riga saboda wani a ofis ya kasa aiko da kwalin fim. Har yau in na tuna zanen gadon nan sai raina ya ɓaci.

"Malama," in ji shi, "ƙarfe ya rufe haƙorin, ba na ganin abin da ke ciki. Ko dai ku tafi Kano a yi hoto a san abin yi, ko in cire shi yanzu. Amma kada ku kwana biyu a haka."

Duk maganar nan, kalma ɗaya Iya ta ji: cirewa. Ta rufe bakinta, ta sauko daga kujerar, ta gyara mayafi.

"Haƙorin da na yi ɗawafin bankwana da shi? In an cire, da me zan koma gida? Tashi mu tafi, Auta."

Na yi lallashi har bakina ya bushe. Na ce Kano fa hoto kawai za a yi. Ta ce duk bakinsu ɗaya.

Kashegari Ya Sale ya iso a kan babur, wandonsa duk taɓon gonar shinkafa. Shi ne ɗan fari, Iya ko sunansa ba ta faɗa, ba ta kuma musu da shi a gaban mutane. Ya tsaya a tsakar gida yana ɗaga murya.

"Ke Binta, boko ne ya kai ki ga haka? Ki ɗauki uwarmu ki kai a fasa mata baki? Shekara nawa tana shaƙar hayaƙi kafin ta samu haƙorin nan? Uwata ba za ta yi yawo da giɓi a Kirikasamma ana nuna ta ba."

"Yaya, ba cirewa aka ce dole ba. Hoto za a ɗauka."

"Hoton da ke shanye jinin mutum? Wa ya taɓa shiga injin nan ya ƙara ƙiba? Iya, taso mu tafi."

Ta taso. Ni kuma na tsaya ina kallo, har na ɗaura mata ƙullin kayanta a bayan babur. Ina da albashi, na san hanyar tasha, na ji abin da ma'aikacin ya ce da kunnena. Abin da ya hana ni kawai kada a ce ƙanwa ta ja da yayanta, kada dangi su ce Binta ta fi ƙarfin gida. Malama Rifkatu ta dube ni ta ce, "Kin bari?" Cikin duk waɗanda nake jin haushi a labarin nan, wannan matar da ta ɗaura ƙulli, wato ni kaina, ita ce ban taɓa yafe wa ba.

Mako na huɗu aka kira wanzami ya yi mata sakiya a cikin leɓe. Mugunya ta fita, cikin ƙoƙo guda in ji su, zafin ya sauka, Iya ta yi barci, har ta ci tuwo. Gida ya ɗauki murna. Ya Sale ya aiko mini da saƙo ta bakin mai babur: a gaya wa 'yar boko an warke ba hoto. Ni ma na yi hamdala, na ji kunyar rigimar da na tayar. Ku ji ni da kyau, domin nan ne muka faɗa rami. Sauƙin da ake samu bayan ƙurji ya fashe ba warkewa ba ne. Tushen yana nan a rufe cikin zinariya, yana ci gaba da aikinsa. Mako na biyar ya wuce ban ko leƙa ba.

Ranar Talatar mako na shida ina cikin aji, Goggo Hansai da kanta ta zo bakin taga. Ganinta kawai ya ishe ni. Da na isa gida ban gane fuskar Iya ba. Kumburin ya haye gefen hanci, ya rufe idon hagu ruf, fatar ta yi ja tana ƙyalli. Jikinta kamar garwashi. Tana kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ina goye. Ya Sale na tsugune a ƙofar ɗaki da ƙwaryar rubutu, yana cewa a bari zuwa jibi a ga yadda wannan zai yi.

Ban san lokacin da na buge ƙwaryar ba, Allah ya yafe mini. Na ce, "Yaya, wallahi ko ka matsa ko in tara maka unguwa. In ta mutu a ɗakin nan, kai za ka wanke ta da hannunka ka ciro zinariyar ka rataya a wuya." Ban taɓa yi masa magana haka ba, kafin nan ko bayan nan. Ya matsa.

Muka tsallako da ita Haɗeja. Mijin Malama Rifkatu ne ya ɗauke mu a tsohuwar motarsa daga Haɗeja zuwa Kano, ya bar aikinsa, ita kuma ta zauna a baya tana goge wa Iya goshi da jiƙaƙƙen tsumma har muka isa. Ba danginmu ba ne, ba addininmu ɗaya ba. Duk addu'ar da zan yi har in mutu suna ciki.

A asibitin Kano aka so ɗaukar ƙaramin hoto, wanda ake sa ɗan fim a baki mutum ya danne da yatsa, amma bakin Iya ya ƙi buɗuwa. Sai aka kai ta babban inji, muka tallafe ta ni da Malama Rifkatu. Aka shiga da fim ɗin ɗakin duhu a wanke, muka jira ya bushe. Duka-duka abin bai kai lokacin dafa shinkafa ba. Wannan ne abin da muka yi mako uku muna gudu.

Likitan ya manna hoton a jikin akwatin haske ya kira ni. Hular zinariyar ta fito fari tas. A samanta, inda saiwa ta ƙare, ga wani baƙi kamar ƙwallon dabino, ya ci ƙashi ya doshi gefen hanci. Ya ce wanda ya sa hular ya goge haƙorin har kusa da jijiya, kuma hular ba ta zauna daidai ba, ta bar kafa a gindi. Abinci na shiga, asuwaki ba ya kaiwa. Haƙorin ya mutu a ciki tun da daɗewa.

"Zinariya ba ta ruɓewa, Malama," in ji shi. "Abin da ke ƙarƙashinta ne ya ruɓe, kuma ruɓar ta kai bayan ido. Yanzu ranta muke nema."

Na ce da mun zo tun farko fa, dole sai an cire?

Ya dube ni kamar yana shawarar ko ya faɗa. "Da makonni uku da suka wuce ne, da na ɗaga hular, na wanke cikin saiwar, na cike ta. Sannan in auna bakinta a yi mata hular da ta zauna daidai, da zinariyarta in tana so. Da ta koma gida da haƙorinta."

Na zauna a ƙasa a wurin, a gaban mutane. Ashe babu wanda zai raba ta da komai. Duk rantsuwar Goggo, duk ihun Yaya, duk shirun da na yi, a kan abin da ba zai ma faru ba muka yi su.

A ranar aka shiga da ita tiyata. Aka cire haƙorin, aka buɗe wurin aka kwashe mugunyar, aka bar ɗan bututun roba yana tsiyaya. Mako uku muka yi a kwance. Ƙarin ruwa ba ya yankewa, allura safe da yamma har hannayenta suka rasa wurin sokawa. Rabin magungunan babu su a asibitin, sai an rubuta in fita in nemo a gari, wani lokacin in zaga kemis huɗu. Da ƙaramin cokali nake ɗura mata kunu ta gefen dama. Ina wanke mata baki da ruwan gishiri mai ɗumi, tana damƙe hannuna har farcenta ya shiga. Akwai wata nas da ke juya ta kamar buhu, tana cewa 'yan ƙauye sai sun ruɓe suke zuwa. Gaskiya ta faɗa, amma ban yafe mata yadda ta faɗe ta ba. Akwai kuma wata dattijuwa da kan zauna bayan ta tashi aiki ta tsefe wa Iya kai. Ya Sale ya sayar da shinkafar da ya ajiye ta iri ya zo, ya ba da jininsa leda guda, shi da ke tsoron inji ya shanye jini. Yakan wuni a ƙarƙashin bishiya a waje, ba ya iya shigowa ya dube ta.

A kwana na tara zazzaɓin ya sauka, ta kira ni da sunana. A na goma sha biyu kumburin ya saɓe, idon ya buɗe. Na yi ta murna, ido ga shi nan garau kamar ba abin da ya same shi. Likitan ido ya zo ya rufe na daman da tafin hannunsa, ya haska tocila a na hagun.

"Mama, me kike gani?"

"Ka kunna tukuna, ɗana," in ji ta.

Ya ce kumburin ya matse jijiyar gani har ta mutu, kuma ba ta dawowa. Da na fita na gaya wa Ya Sale, sai ya ce haka Allah ya ƙaddara. Na yi imani da ƙaddara, ba na jayayya da ita. Amma Allah bai aiko mai ruwan batir ba, bai hana a sayi fim ba, bai kuma ce in ɗaura ƙulli a bayan babur ba. Mu muka yi, sannan muka nemi inda za mu jingina. Har Yaya ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, sai dai tun daga ranar bai sake bari Iya ta ɗauki ko buta ba.

Ranar sallama likitan ya miƙo mini hular a cikin auduga. Ba ta fi ɓawon gyaɗa kauri ba, cikinta baƙi ƙirin. Ya ce in wurin ya warke za a iya yi wa Iya haƙorin roba fari, mai ɗan faranti, ta riƙa sawa tana cirewa. Ta girgiza kai ta ce ta gama da haƙorin aro.

Ba na cewa kowa ya bar haƙorin Makka, ni ban isa ba. Abin da nake roƙo, duk mai ƙarfe a baki, na zinariya ne ko na azurfa, in ya ji wari ko tsami ko ya ga dasashi ya tasa, ya je a ɗauki hoto a makon. Ido ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin hula, mai turare ba ya gani, wanzami ba ya gani. Hoto bai taɓa shan jinin kowa ba. In kuma kumburi ya doshi ido, kada a jira babban gida ya dawo daga gona. Ke ƙanwa, ke auta, in kin san gaskiya ki yi rashin kunyar a ranar farko, ta fi sauƙi.

Wata biyar Iya ba ta fita ba. Ko baƙi suka zo sai ta ja mayafi ta rufe baki, ta amsa gaisuwa a ciki. Da ruwa ya janye, kifi ya yawaita, na matsa mata mu je kasuwa ko don ta sha iska. Ta yarda da ƙyar. Muka shimfiɗa tabarma a inda ta saba zama, na jera mata banda a faranti, ta zauna a takure, hannu a kan baki.

Ba a jima ba wani direba da ya saba sayen kifinta ya hango ta daga nesa.

"A'a, Hajiya! Ashe kin fito? Sannu da jiki, Hajiya. Tarwaɗar nan fa?"

Dole ta sauke hannu ta yi ciniki. Giɓin ya fito fili, yana kallo, bai ko ƙifta ba. Ya biya ya tafi. Wata mai daddawa ta taso ta ce Hajiya barka da arziki. Masunta biyu suka tsuguna, Hajiya ya ƙarfin jiki. Iya ta riƙa jujjuya kifi ɗaya a hannu.

"Auta," ta ce a hankali, "ashe ko babu shi ma suna ce mini Hajiya."

Na ce, "E, Iya."

Ta so ta ga fuskata. A hagunta nake zaune, sai da ta juyo da jikinta gaba ɗaya.